Jeren Kwanuka a Cikin Waya

Ƙarar murfi ce ta fara komai. Da hantsi ne, na gama wanke-wanke ina mayar da kwanuka cikin kabet, na ɗora murfi a kan wata samira sai na ji ya ce ƙwal, ya zame gefe. Ba murfinta ba ne. Na tsaya riƙe da shi ina kallon hannuna kamar na wata.

Wata mace canja murfin za ta yi ta wuce. Ni na kasa, domin da irin wannan ciwon Inna, mahaifiyata, ya fara. Shekara da shekaru ita ce mai yi wa amare jere a unguwarmu ta Garwa, Hausawa da Fulani duk ita suke aikowa a kira. Kallo ɗaya take yi wa tulin kwanuka ta san mazaunin kowanne: ja da ja, mai fure da mai fure, babba a ƙasa, ƙarami a sama, har su kusa taɓa rufi. Ni ce mai miƙo mata tun ban kai tsawon kabet ba. Sai ga shi wata rana na same ta a tsakar gida tana ƙoƙarin cusa babban kwano cikin ƙarami, tana dannawa, tana yi masa faɗa. Kafin shekara biyu ta daina gane ni, sai ta kira ni baiwar Allah. Allah Ya jiƙanta, bana shekararta uku da rasuwa.

Lokacin da muka kai ta asibiti, na tuna likita ya zuba mata wasu 'yan katakai ya ce ta sa kowanne a raminsa, ta kasa. To a wayata akwai wani wasa da autata, 'yar shekara tara, ta sa mini ba da sanina ba. Tubala ne masu launi-launi suke saukowa daga sama, kana juya su kana ajiyewa. Idan layi ya cika daga bango zuwa bango sai ya ɓace. Idan tulin ya kai sama an cinye ka. Na sha ganin yarinyar tana yi da yatsa ɗaya tana cin gyaɗa da ɗaya hannun. Ran nan na ce a raina, ga gwajina. Na yi karatu har lise, wato babbar sakandare, lissafi bai taɓa ba ni wuya ba. Idan kaina lafiya yake, wasan yara ba zai gagare ni ba.

Bayan azahar, sanda zafin Garwa yake hana ko kaza motsi, na shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, na yi bisimilla na fara. Ko minti biyu ban yi ba tubalan suka toshe sama, wayar ta yi wani ɗan kuka, ta rubuta mini perdu da jajayen haruffa, wato an cinye ni. Na sake, haka. Na sake har batirin ya yi zafi a tafin hannuna, layi biyu kacal na iya ɓatarwa, su ma ban san yadda aka yi ba.

Daga ranar na koma mai gadin kaina. Na zuba gishiri sau biyu a miyar kuka, na riƙe wannan a zuciya. Na yi kokwanton raka'a ta uku ce ko ta huɗu a la'asar, na yi ba'adi, na ƙirga wannan ma, alhali tun ina budurwa hakan kan same ni ban taɓa ɗauka da zafi ba. Maƙwabciyata Bafulatana ta leƙo ta katanga tana tambayar lafiya, na amsa mata da jam, wato lafiya lau a yarensu, amma ina duban bakinta ina maimaita sunayen 'ya'yanta a zuci don in tabbatar suna nan a kaina. Maigida yana Ngawundere wajen fataucin shanu. Ya kira, maganar ta zo mini har maƙogwaro, sai na tsinci kaina ina tambayarsa ko ruwa ya sauka can.

Abin da ya fi cin raina shi ne autar. Na san abin da jinyar Inna ta yi mini ina da shekara arba'in. Idan na bi sahun Inna, wa zai tsefe wa yarinyar kai, wa zai yi mata jere ranar da za a kai ta ɗaki? Ina wannan tunani ina jin kunyar Ubangijina: mace da carbinta a gefe, tana neman sanin gobenta a wasan waya. Sai in yi istigfari in ture wayar ƙarƙashin matashi. Kafin inuwa ta matsa taku ɗaya na sake jawo ta.

Kwana tara ina haka a ɓoye. Ran Laraba, na manta cewa rabin yini suke yi a makaranta, ban ji shigowar autar ba sai numfashinta a bayan kunnena. Na so in kife wayar, ta riƙe hannuna, ta ce in ci gaba tana so ta gani. Na ci gaba, ina ƙara wannan sabuwar mantuwar ta Laraba a kan sauran. Jan tubali ya sauko, na kai shi kan 'yan'uwansa a hagu. Shuɗi ya zo, na nema masa shuɗi. Wani dogo ya zo, na kwantar da shi a kan masu faɗi domin ba ya kyau a tsaye kusa da gajeru. Wayar ta yi kukanta.

Yarinyar ta faɗi kan tabarma tana dariya har jakarta ta zube. Na ji hawaye ya cika mini ido, na juya fuska kamar ina korar ƙuda. Ta lura, dariyar ta tsaya.

“Mama, wa ya ce miki a haɗa launi? Wasan ba ruwansa da launi. Rami kawai ake cikewa.”

Na ce mata ai ba zai yi kyau ba, ja a tsakiyar kore.

“To ai ba kabet ba ne,” in ji ta.

Na dubi fuskar wayar kafin ta share. Ginshiƙai ne tsaf, kowane launi a layinsa, manya a ƙasa, ƙanana a sama, da 'yan ramuka a tsakani inda na ƙi sa abin da bai dace ba. Hannun Inna ne sak. Kwana tara ina yi wa waya jere.

Ta ɗora yatsanta a kan nawa muka sake. Ta tilasta mini na jefa rawaya cikin ja, layin ya haska ya ɓace, sai wani, sai wani. Raina bai so ba, amma na gane abin da ake nema, kuma da ta ɗauke hannu na yi guda huɗu ni kaɗai kafin a cinye ni. Duk da haka tsoron bai tafi duka ba. Murfin nan fa, da gishirin, da Larabar? Ban san na faɗa a fili ba sai da na ji muryata tana cewa da kwano kakarta ma ta fara.

Ta shiga tattara littattafanta. Ashe tana tune da ranar, tana 'yar mitsitsiya a bakin ƙofa. Ta rataya jakar, ta miƙo mini wayar.

“Ita Kaka, babban kwano take cusawa cikin ƙarami. Ke kuwa ko guda ɗaya ba ki ajiye inda ba wurinsa ba, Mama. Wasan ne kawai ba ki iya ba.”