Farar Ƙasar da Tifa Ta Kawo

Ranar Talata ce. Na idar da sallar asuba, na ɗora tukunyar shinkafa da wake a ƙofar gidanmu a Aboabo, kamar kullum. Rabi, 'yata, tana zaune a kan benci da cikin wata takwas, tana yanka mini albasa.

Wata biyar kafin nan wani ɗan kwangila ya fara aiko tifa tana juye farar laka a fadamar bayan gidajenmu. Wai kyauta ce, don ambaliya ta daina shigo mana. Dattawan unguwa suka sa manyan riguna, suka je har gidansa suka yi masa addu'a. Ba wanda ya tambayi daga ina ake kwaso ta. Ashe lakar ramukan galamse ce, masu haƙar ma'adinai ba izini, wadda aka gama wanke zinariya a cikinta, ya rasa inda zai zubar sai a kanmu. Mu mata kuwa muka ga ta yi kama da ayilo, farar ƙasar nan da masu ciki ke kwaɗayi. Muka tace, muka mulmula, muka gasa. Sai da yara suka fara amai da makyarkyata, wata nas ta kai lakar gwaji, ta dawo ta ce gubar dalma ce da ta makuri, wato zaiba, a ciki. Samari suka gitta gungume a hanyar tifa.

Ranar Talatar nan, ƙarfe bakwai da rabi na ji hon na tifa sau uku. Sai ƙarar babura. Ƙartin haya ne na ɗan kwangilar, waɗanda ake kira 'yan macho, sun kai ashirin, riguna sun ɗame musu ƙirji, riƙe da adduna da sanduna. Jarumai ke nan, an turo su yaƙi da masu sayar da koko.

"Kowa shi fita! Ku bar wurin!"

Suka fara da teburin mai shayi. Suka kifar da tukunyata, tafasasshen ruwa ya bi ƙafata. Takwas saura kwata aka harba bindiga sau biyu. Dattawan nan masu addu'a su suka riga kowa shigewa masallaci. Na ji sakata ta faɗa. Na buga, na ce da mai ciki nake, ba su buɗe ba. Tun ranar na raina su, kuma ban daina ba.

An cinna wa rumfunan bakin lungu wuta. Hanya ɗaya ta rage, ta kan lakar. Na ja Rabi, muka nutse har gwiwa. Ta faɗi sau biyu. "Mma, marata," shi kaɗai take faɗi. Takwas da rabi muka ɓulla titi ta wajen Akwatialine. Tasi uku suka wuce mu don kada mu ɓata musu kujera. Ta huɗu ta kai mu asibiti a Kwadaso, kusa da gidan ƙanwata.

Da la'asar Rabi ta haihu. Namiji ne. Bai yi kuka ba.

Bayan kwana uku tifa ta koma aikinta. Ɗan kwangila ya aika da buhunan shinkafa, dattawa suka karɓa suka raba.

Likita ya ce ba zai iya rantsewa ba, ko faɗuwar ce ko abin da ke cikin jininta. Ban sake tambaya ba. Na rasa rumfa, da tukunya biyu, da fatar ƙafata ta hagu. Rabi ta rasa ɗanta na fari. Ƙasar da ta yi wata huɗu tana ci, ni nake gasa mata, kullum guda uku.