Garba, Wanda Ya Kai Nna Gida

Ina shagona a Barkin Sale bayan la'asar, Usman ɗan Alhaji Garba ya kira ni a waya. Ya ce, "Baba Ndagi, abokinka ya cika." Na yi salati, na zauna a kan buhun shinkafa.

Ni da Garba tare muka yi samartaka a Limawa, tare kuma muka sayi motarmu ta farko, wata tsohuwar Fijo da ta sha duniya kafin ta zo hannunmu. Ba ta tashi sai da turi. Ƙofar baya da igiya muke ɗaure ta, in ana ruwa kuwa na ciki ya fi na waje jiƙewa. Ni mai zafin rai ne, nakan harbi taya in zage ta. Garba sai ya yi dariya ya ce, "Bar ta, Ndagi, ba mutuwa ta yi ba, hutawa take." Bai taɓa wuce mai tafiya a ƙasa ba. Yakan ce, "Ɗauki mutum ka samu mai turi." Wasa yake, domin tsofaffi ya fi ɗauka, waɗanda ko keke ba za su iya turawa ba.

Shekarar da ciwon mahaifiyata ya tsananta, ta ce a mai da ita Bida ta ga ƙanwarta tun tana da rai. Ba za ta iya zaman motar haya ba, ni kuwa na san halin tamu. Na ce ina tsoron ta mace mana a daji da marar lafiya. Garba ya ce, "Shimfiɗa wa Nna a baya."

Ko Gidan Kwano ba mu wuce ba injin ya yi zafi. Can gaba tanki ya fara yoyo, Garba ya liƙe shi da sabulu. Duk inda motar ta tsaya sai ya leƙa ya ce, "Nna, mun ɗan tsaya ki sha iska." Ya yi mata fifita, ya ba ta ruwa, sannan ya shige ƙarƙashin mota. Da ya ga hawaye a idona sai ya ja ni gefe ya ce, "Kar ta ga fuskar nan."

Da muka isa, rigarsa ta yi baƙi ƙirin. Nna ta kama hannunsa ta ce, "Garba, motan naka ya mutu, ya mutu, na sani. Na yi shiru ne kar ka ji kunya. Allah ya yi maka albarka." Ta kwana biyu tare da ƙanwarta, a hannunta kuma ta rasu.

Na hau motoci masu kyau bayan nan, amma wallahi waccan nake kewa, da matuƙinta.

Allah ya jiƙan Garba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Hajiya Rabi da 'ya'yansa haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ya Allah, bawanka ya kai mahaifiyata gida bai bari ta ji tsoron hanya ba. Shi ma ka kai shi haka. Amin.