Kulyash-apa da Rigar da Ba Ta Zo Ba

Ɗakin Kulyash-apa, wato inna Kulyash a harshenmu, yana ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, a ƙarshen lungun da ya bi ta bayan ɗakin canza kaya. Taga ɗaya gare shi, sai keken ɗinki, butar shayi da kujera biyu. Shekara ashirin da shida ta yi a ciki tana ɗinka sunaye da lambobi a bayan rigunan 'yan wasan Altyn Kulan, ƙungiyar ƙwallon kwando ta garinmu Taraz. Ni kuwa agogon wasa nake riƙewa a teburin alƙalai, har idona ya fara gardama aka sallame ni da takardar yabo. Ban daina zuwa zauren ba, don ƙafa ta saba. Kujerar ta biyu kusan tawa ce.

A masana'antar tufafi ta koyi aiki. Da aka rufe masana'antar, a shekarun da aka yi ta rufe komai, sai aka bar mata keken a madadin kuɗin sallama, ta turo shi gida a amalanke. Mijinta direban jirgin ƙasa ne, bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Kocin ƙungiyar na farko maƙwabcinsu ne. Wata rana ya kawo mata riguna goma sha biyu da lambobin da aka yanka da almakashi, ya ce ta taimaka. Ta taimaka, ba ta sake fita ba.

Ban taɓa ganinta ta kalli wasa daga farko har ƙarshe ba. Ta ce daga ƙasa ta fi ji. In ƙafafu suka yi ta dukan katako a saman kanta, an ci. In ƙura ta daina zubowa a kan keken, an sha kashi, a fara haɗa wa yara shayi mai zafi, kada kuma kowa ya yi musu tambaya.

Lokacin wasa ba shi ne lokacin wahalarta ba. Wahala tana zuwa ne in kakar wasa ta ƙare a watan Mayu, zaure ya yi tsit, aka koma ciniki a ofis. Wane zai tafi, wane zai zo, wa aka yi musaya da wa, wa ya ƙi sa hannu sai an ƙara masa. 'Yan jarida su yi ta hasashe, magoya baya su yi ta zagi a waya. Duk garin nan mutum uku ne suka san gaskiya kafin a sanar: darakta, koci, da matar da za a ba takardar sunaye ta ɗinka. Suna ɗaya yana cin rabin yini a hannunta, don haka dole a ba ta da wuri. Shekara ashirin da shida, ko harafi ɗaya bai taɓa fita daga ɗakin nan ba. Na sha gwada ta.

"Kulyash, wannan baƙin zaren mai yawa haka, sunan Bature ne ko?"

"Oreke, sha shayinka. Mutumin da ya taɓa ƙara wa baƙi daƙiƙa huɗu a wasan ƙarshe ba shi da bakin tambaya."

"Agogon ne ya maƙale."

"Haka kake cewa tun ina da haƙorana."

A bazarar da nake magana, an kawo sabon darakta, Serikbol Tulegenovich, wanda ake kira Seke. Bai kai arba'in ba. Yana da ladabi sosai, irin ladabin da ke sa mutum ya duba aljihunsa bayan an gaisa. Da zuwansa labaran ƙungiya suka fara fitowa a wani shafin wasanni na waya tun kafin tawada ta bushe. Aka yi maganar ɗauko wani dogon yaro daga arewa da safe, kafin la'asar duk gari ya sani. Serikbol ya fara rufe ƙofar ofis. Ya canza wa direban bas wurin zama. Mai tausa ya ce an tambaye shi da wa yake cin abincin rana. Mutanen da suka yi shekaru suna raba burodi ɗaya suka koma gaisuwa da ka.

Cikin wannan hali maganar Meirkhan Otarbayev ta taso. Shi ne kyaftin, shekara goma sha ɗaya yana sa lamba tara. Kwantiraginsa ya ƙare. A walimar rufe kaka darakta ya miƙe gaban dattawa, ya dafa ƙirji ya ce muddin yana kan kujerar nan Meirkhan ba zai sa rigar kowa ba sai tamu. Aka yi tafi. Sai dai takardar sa hannu ba ta fito ba. Yau lauya ya yi tafiya, gobe ana jiran hukuma. Ana haka maƙwabtanmu na Shymkent, waɗanda ba ma ga maciji da su a fili, suka aiko masa da tayin shekara biyu. Suka ce suna jiransa zuwa Juma'a, in bai zo ba za su cike gurbin da wani. Meirkhan yana da shekara talatin da uku, gwiwarsa ta hagu kuma tana da nata ra'ayin. A wannan shekarun, wanda ya rasa ƙungiya a watan Agusta ba ya cika samun wata.

Ran Litinin Serikbol ya sauko ɗakin ɗinki da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Ina zaune. Ya gaishe ni hannu biyu, ya tambayi jikoki, sannan ya miƙa wa Kulyash takarda a ninke.

"Apa, ga aikin bana. Ke kaɗai na ba. Ke kaɗai."

"Kullum ni kaɗai ake ba, Seke."

"Na sani. Shi ya sa in na gan shi a waya ba zan sha wahalar nema ba." Ya yi dariya don a ɗauka wasa ne. Ba wanda ya taya shi.

Da ya fita ta buɗe takardar, ta karanta, ta mayar cikin aljihun rigarta. Ban tambaya ba. Amma na ga ta ɗauki zare ta yi ta neman ramin allura, ita da take zura shi ido a rufe.

Daga baya ne, bayan komai ya wuce, ta gaya mini abin da ke cikin ranta a kwanakin nan. Sunan Meirkhan ba ya cikin takardar. Lamba tara an ba wani. Amma ba ta yarda da takardar ba. Ta ji an ce darakta ya ba mai tausa wani labari, ya ba direba wani daban, don ya ga wanne zai fito. To ita ma ƙila tarko aka ɗana mata. In ta faɗa wa yaron ya tafi Shymkent alhali ƙarya ce, ta raba shi da gidansa a banza, ta kuma rasa ɗakinta. In gaskiya ce ta yi shiru, za a riƙe shi da alkawari har maƙwabta su cike gurbinsu, sannan a ce masa a yi haƙuri. Ko ta wace hanya, abin da ta tara shekara ashirin da shida, wato a ce Kulyash ba ta magana, shi ne a kan tebur.

Ran Laraba kwalayen sababbin riguna suka iso daga kamfanin da ke yin su a Almaty, farare ba suna ba lamba. Na taya ta yanke igiya. Ta fito da su ɗaya bayan ɗaya tana shimfiɗawa, tana bin kowace da tafin hannu daga kafaɗa zuwa ƙasa. Ta gama, ta sake farawa daga farko.

Meirkhan yana da wata irin halitta: gangar jikinsa doguwa ce fiye da ƙafafunsa, kafaɗarsa ta dama kuma ta ɗan sauka tun da ya karye yana yaro. Rigar kasuwa ba ta zama masa. Kowace shekara sai an yi odar tasa daban, da ƙarin tsawon yatsa huɗu, kuma Kulyash ce ta fara auna shi tun yana ɗan shekara ashirin da biyu. A kwalayen nan babu riga mai ƙarin yatsa huɗu. Ta juya takardar da ke manne a jikin kwalin. An yi odar tun tsakiyar Mayu, mako guda kafin walimar da aka dafa ƙirji.

"Takarda kowa zai iya rubutawa," in ji ta, kamar da keken take magana. "Yadi kuwa sai an yanka."

Washegari da hantsi Meirkhan ya shigo, ya sunkuya saboda ƙofar, da ledar baursak, irin fankenmu, mai zafi da matarsa ta soya. Haka yake yi duk bazara.

"Apa, kin rame. Wannan tsohon yana shanye miki madara ko?"

"Zauna, dogon banza, kana tare mini haske."

Na ba shi kujerata na koma kan kwali. Ya yi ta zagaye-zagaye, ya yi maganar zafi, ya yi maganar 'yarsa da za ta shiga makaranta a watan Satumba, a nan unguwar, kusa da kakarta. Can ya ce, "Gobe zan kira mutanen Shymkent in ba su haƙuri. Seke-aga ya ce mako mai zuwa takarda za ta fito. Mutum ba zai tsaya gaban dattawa ya yi ƙarya ba, ko apa?" Ya ɗan yi dariya. "Ba tambayarki nake ba. Na san ba kya faɗa."

"Ba na faɗa," in ji ta.

Ta ɗauko butar. A nan, wanda ake so ya zauna ba a cika masa kwanon shayi. Kaɗan ake zubawa a ƙasan kwano, ya shanye a ƙara, ya shanye a ƙara, hira tana tafiya. Wanda aka cika wa kuwa, an sallame shi ke nan. Shekara goma sha ɗaya haka take zuba wa Meirkhan, har yakan yi mata tsiya cewa shayinta ba ya jiƙa harshe. Ran nan ta zuba madara, ta kafa bakin buta, ba ta ɗaga ba sai da shayin ya kawo baki yana rawa. Ta miƙa masa da hannu biyu, tana kallonsa.

Ya dubi kwanon. Ya dube ta. Kunnuwansa suka yi ja, don ko a gidan maƙiyi ba a taɓa yi masa haka ba. Na ga ransa ya fara ɓaci, sannan na ga ɓacin ran ya tsaya a hanya. Ya waiwaya ya dubi fararen rigunan da ke jere a kan tebur, ya daɗe yana dubawa.

"Haka ne, apa?"

"Shayi na ba ka. Sha kada ya huce, hanya da nisa."

Ya shanye a tsaye, ko da yake da zafi. Ya sunkuya ya sumbaci hannunta, ya fita bai ce mini ko sai an jima ba. Ran Juma'a da azahar hotonsa ya fito a waya, yana riƙe da rigar Shymkent.

Serikbol ya sauko ran Asabar. Wannan karon bai tambayi jikoki ba.

"Apa, Meirkhan ya zo nan shekaranjiya."

"Ya zo. Ya kawo baursak. Ga saura can, ɗauki."

"Me kika gaya masa?"

"Na ce yana tare mini haske."

Ya juyo gare ni. "Oreke, kai dattijo ne, kana wurin. Ta nuna masa takarda? Ta ambaci suna, ko lamba?"

Na ce ban ga takarda ba, ban ji suna ba, ban ji lamba ba, kuma zan iya maimaita haka a gaban kowa. Gaskiya na faɗa. Ya tsaya yana kallon ɗakin, keken, kwalaye, kwanukan shayi da ke kife a kan tire. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, kakarsa ta zuba wa baƙi shayi. Ina jin ya gane. Amma ba abin da zai rubuta a takardar kora.

Bai kore ta ba. A farkon Satumba dai aka sanar cewa daga bana kamfanin Almaty zai riƙa buga sunaye da inji, ya fi sauri, ya fi zamani. Aka yi mata ɗan biki a ofis, aka yafa mata gyale, aka ba ta takardar yabo irin tawa. Darakta ya yi jawabi mai kyau a kan riƙon amana. Keken nata ne, don haka ta tafi da shi. Mai tausa da direban bas suka ɗora mata a mota, ba wanda ya kalli wani.

Na tambaye ta sau ɗaya ko tana ganin ta karya amanar. 

"Bakina bai faɗa ba," in ji ta. "Amma na san abin da hannuna ya yi. Kada ka wanke ni da yawa, Oreke."

Yanzu tana gidanta a bayan kasuwa, tana rage tsawon wanduna da ɗinka kayan makaranta. Ba ta sake taka zauren ba, ko da aka aiko mata da katin shiga kyauta. Meirkhan ya buga shekarunsa biyu a Shymkent, ya ci mu sau uku, yanzu yana koyar da matasa a can. Labaran ƙungiyarmu kuwa ba su daina fitowa a waya ba bayan tafiyarta. Sun ma ƙaru. An ce darakta ya sake canza wa direba wurin zama.