Ƙyastun Baba da Ragon Layya

A gidanmu na Aliero akwai wata 'yar jakar fata da ba mai taɓa ta sai Baba. Ƙyastu ne a ciki, wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake zura yatsu, tare da dutsen ƙanƙara. Na kakan mahaifinsa ne, farke mai kora jakuna daga kasuwar Jega zuwa Gwanja tun Turawa ba su zo ba. Ya tafi da kanwa da baƙin zane na marina, ya komo da goro bayan watanni. In ayari ya sauka zango, da ƙarfen nan ake kunna wutar tuwo da ta korar kuraye. Labarin nan mun sha shi har mun haddace. Baba ya iya ba da shi, har yana kwatanta ƙyastawar da hannu a iska. Wutar ce dai ba mu taɓa gani ba.

Ni ban taɓa tambaya ba, ina son zaman lafiya. Amma Baba na da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifinsa, manomin gero a Maiyama, wanda muke ce wa Baffa. Tun suna yara suke tsokanar juna, ga su nan duk furfura, ba wanda ya gaji.

Wata Babbar Salla na zo daga Jega inda nake aure, Baffa ma ya zo. An yanka rago, an feɗe, an baje shi a kan itace za a kafa gefen wuta yadda muke yi. Surukai da maƙwabta na zaune ƙarƙashin dogon yaro, sai Baba ya fiddo jakarsa ya kama labarin hanyar Gwanja.

Baffa ya bari ya yi nisa, sannan ya ce, "Shekara da shekaru kana hura muna wuta da baki. Ƙarfen ga ya taɓa ko hayaƙi hannunka?"

Aka yi dariya. Baba kuwa ba ya son dariyar da ba shi ya jawo ta ba. Ya ce, "To ka jiya. Ragon ga ba shi ganin wuta sai ta ƙyastun ga. In ta ƙiya, kowa shi ci ɗanye."

Aka kawo masa auduga da tattaka, wato busasshiyar ciyawa. Ya zauna ya gyara hula, ya fara. Tartsatsi na tashi, ya faɗa kan audugar ya mutu. Ya sauya hannu, ya sauya gefen dutse. Rana ta ɗaga, ƙuda suka samu nasu bikin, hanta na cikin kwano tana jira. Ya kuskure ya daki babban yatsansa, jini ya fito. Can sai dariyar ta tsaya, kowa ya shiga kallon ƙasa, wannan kuwa ya fi dariyar ciwo. Nan na gane Baba bai taɓa kunna wuta da abin nan ba, an dai ba shi gado ba a nuna masa ba. Tausayinsa ya kama ni ƙwarai.

Inna, mahaifiyarmu, ta yafuto ni madafa. Ta farke bakin wani tsohon matashi ta ciro auduga, ta kanga ta a murhun shayi, tana kamawa ta kife ta da tasa.

Ta ce, "Ɗanyar abduga ba ta riƙe tartsatsi, sai wadda anka babbake. Kakata ta ce fatake daga wutar yau su ka aje ta gobe."

Na ce, "Inna, kin sani duk shekarun nan ba ki faɗa masa ba?"

Ta ce, "Ya tambaye ni?"

Ta ja mayafi ta fita da audugar, ta russuna ta miƙa wa Baba. "Malam, gwada wagga, ta ɗara waccan bushewa."

Auduga baƙa ƙirin, tana ƙauri. Baffa ya shaƙa, ya dubi Inna, ya dubi yatsan Baba. Na zaci zai tona asiri, don na san bakinsa. Sai kawai ya sosa gemu ya ɗauke kai.

Baba ya sake ƙyastawa, ba a jima ba wani ɗan ja ya bayyana cikin baƙin. Baba ya ɗago shi da tattakar zai hura, amma gajiya ta ci ƙarfinsa, tari ya sarƙe shi. Ina kallo jan yana raguwa. Baffa ya sauko daga tabarma ya durƙusa, gwiwarsa har ƙara take, ya haɗa tafukansa da na Baba, ya shiga hurawa a hankali. Hayaƙi ya tashi, tattaka ta kama. Mata suka rangaɗa guɗa daga cikin gida, maƙwabta suka rugo da kirare.

Idon Baba ya cika da ruwa, ya ce hayaƙi ne. Baffa ya miƙe yana kaɗe riga, ya ɗaga murya. "Jama'a ku shaida, ni na hura ta. Shi yatsa kawai ya hwasa."

Gardama ta dawo sabuwa, har aka ci hanta ba su gama ba. Da la'asar na raka Baffa bakin titi zai hau mota, na ce masa ai na ga ya gane audugar.

Ya ce, "Ke ɗiyata, wasa ni kai da shi. In na bari ya ji kunya yau, baɗi ba shi fiddo jakar, ni kuwa saboda ita ni ka zowa."