Ɗalhatu da Tegun Umm Salal

Ɗalhatu mutumin Ɗambatta ne, direba a wani gida mai gonar dabino a Umm Salal, can ƙasar Larabawa. Kafin tuƙi gadi ya yi a Lusail, lokacin da garin bai wuce ƙarafa da siminti ba, yana wuni a tsaye bakin ƙofa yana ɗaga wa manyan motoci hannu. Da ƙafa ta gaji ya samu kafil, wato mai ɗaukar nauyin baƙon ma'aikaci, yana neman direba, ya koma can. Ba shi da yawan magana. In ka ce za ka yi abu, sai ya ce "to", ya zuba ido ya ga ko za ka yi. Maigidansa, wani dattijon Balarabe, Talha yake kiransa.

A shekarar 2016 ɗan maigidan ya dawo daga kasuwar dabbobi da akwatin gilashi. A ciki akwai wata halitta mai kama da damo, amma ba damo ba: baƙi da fari kamar an jera masa duwatsun ado, tsawonsa bai fi kamu ɗaya ba, harshe mai baki biyu yana fita yana komawa. Ya ce sunansa tegu, daga Kudancin Amurka ake kawo irinsa. Ya yi hotuna da shi, ya nuna wa abokai, hutu ya ƙare ya koma karatu Turai.

Aka bar akwatin a falo, daidai ƙarƙashin na'urar sanyi, don a ƙasar nan in ana son karrama abu sanyi ake ba shi. Tegu ya daina ci. Mai aikin gida ta sa hannu za ta canja masa ruwa, ya cafke mata yatsa. Uwargida ta ce ko ita ko shi a gidan nan.

"Talha," in ji maigida, "kai shi sahara ka sake shi. Yalla."

Ɗalhatu ya ɗauki akwatin har bakin mota, ya ajiye, ya tsuguna. Ya san saharar nan: ba inuwa, ba ruwa, abin da ya tashi a cikin gilashi ba zai ga azahar ba. Amma ba tausayi ne ya fara kama shi ba. Yana yaro sun sha korar damo a gonar gero, bai taɓa ganin wanda ya karkata kai ya kalle shi da ido ɗaya haka ba, kamar mai jiran amsa. So yake ya san me ke cikin kan nan.

Ya koma ya roƙi a ba shi lokaci, da ɗan Larabcinsa na direbobi. Maigida ya shafa gemu.

"Ƙarshen wata. In ka ɗauke shi a gabana bai cije ka ba, ya zauna. In ya cije ka, sahara."

Washegari Dogara ya zo duba na'urorin sanyin gidan. Mutumin Kafanchan ne, a Mansura yake zaune, kuma duk zuwansa sai sun taɓa da Ɗalhatu.

"Malam, me nake gani? Ba da wannan kuke miya a garinku ba?"

"Injiniya, bar zancen miya. Duba min a wayarka, me yake so?"

Dogara ya duba. Ɗumi yake so, da ƙasa mai laima da zai tona. Yana cin ƙwai da nama da 'ya'yan itace.

"Sun ce da harshe yake jin wari. Ka ajiye masa rigar da ka sa, ya saba da kai. Kuma kada ka miƙa masa abinci da hannu, sai ya ɗauka yatsanka tsire ne."

"Wace rigar?"

"Wadda ta fi tsami. Ba za ka wahala wajen nema ba."

Ɗalhatu ya haɗa katakai a inuwa bayan garejin, ya ɗebo ƙasa daga gindin dabino, ya yayyafa mata ruwa, ya jefa rigar aikinsa a kusurwa. Kullum in ya dawo da mota sai ya zo ya zauna a gefe da guminsa, ba ya taɓa shi, ba ya masa magana. Kallo kawai.

Abin kallo kuwa akwai. Da farko in inuwar mutum ta faɗo masa sai ya kumbura, ya yi huci, ya kaɗa wutsiya kamar bulala. Da jikinsa ya ɗumama ya fara ci. In ya gama da ƙwai sai ya goga baki a ƙasa, dama da hagu, kamar tsoho ya gama da tuwo. Inabi yake so. Dabino kuwa, a gonar dabino, ko kallo bai ishe shi ba. Wata safiya Ɗalhatu ya neme shi ya rasa, ashe yana cikin hannun rigar yana barci, bakin wutsiya kaɗai a waje.

Daga nan ya fara ajiye tafin hannunsa a ƙasa, ba motsi. Tegu ya zo ya taɓa da harshe ya koma. Ya sake zuwa. Rannan ya taka hannun ya wuce kamar dutse. Kafin wata ya ƙare yana hawa har gwiwar hannu, faratansa na suka, ya kwanta.

Da ya ba matarsa Safura labari a waya, sai da ta yi dariya ta ƙoshi. "Wato Malam, ƙasar Larabawa ka tafi kiwon ƙadangare?"

Ƙarshen wata ya faɗo ranar Juma'a. Ɗalhatu ya yi wanka, ya sa shaddarsa, ya kai maigida masallaci. Da suka dawo aka ce ya shigo majalisa, ɗakin baƙin maigida, abin da ba a saba ba. Aka zagayo da kaskon turaren wuta. A nan in kasko ya iso gare ka, sai ka jawo hayaƙin cikin rigarka da gemunka. Ƙin karɓa rashin ladabi ne. Ɗalhatu ya jawo har sau biyu, don ya ji daɗin abin. Maigida da kansa ya shafa masa man ud, turare mai ƙarfi, a bayan hannu.

"Yalla, mu ga ƙadangarenka."

Ɗalhatu ya tsuguna, ya miƙa hannu kamar kullum. Tegu ya fito da harshe sau ɗaya, ya kumbura, ya cafke masa babban yatsa. Jini ya ɗiga kan shadda.

"Khalas, shi ke nan," in ji maigida. "Bayan la'asar ka kai shi."

Ɗalhatu ya kai yatsan baki zai tsotse, ƙamshin ud ya buge shi. Ya tsaya. Ya sansana hannun riga, ya sansana ɗayan. Shi kansa bai ji kansa a ciki ba.

Bai yi gardama ba, don ya san baki ba zai gyara ba. Ya tuɓe shaddar, ya cuɗa hannuwansa da ƙasar gindin dabino, ya wanke da ruwa zalla, ya sa kayan aikin da ya cire jiya. Ya wanke motoci biyu da ba su yi datti ba. Ya kwashe busassun ganyen dabino ya kai bayan katanga, cikin ranar da ko kyanwa ba ta fitowa, har rigar ta manne masa a baya. Sannan ya je ya zauna, ya ajiye hannu a ƙasa.

Bayan la'asar maigida ya fito ya ga mota na nan, ya zagayo baya. Zai yi magana, Ɗalhatu ya ɗaga masa yatsa ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Dattijon ya tsaya.

Tegu ya daɗe a rami. Can ƙasa ta motsa, kai ya fito. Ya matso, ya tsaya, ya matso. Harshe ya taɓa yatsan da ya ciza, ya daɗe a nan, sannan ya ɗora ƙafa, ya hau. Ɗalhatu ya miƙe a hankali da shi a hannu.

Maigida ya matso yana miƙo hannu.

"Tsaya nesa, maigida. Kana ƙamshi."

Dattijon ya fashe da dariya. Ya ce tunda yake ba a taɓa korarsa don ƙamshi ba.

"Ya zauna. Amma naka ne, Talha, kuma kada uwargida ta gan shi."

Aka aiko wa Ɗalhatu da shinkafar Juma'a da naman rago. Kafin kwanon ya iso tegu ya cusa kai a hamatarsa ya yi barci. Shinkafa ta huce a gefe. Ɗalhatu bai motsa ba sai da tegu ya farka.