Farin Mai a Kan Ƙunar Anza

A shekarar da fari ya cinye mana gero da dabbobi, anza, wata bishiyar daji, muke ci a ƙauyenmu na wajen Gidan Sori. 'Ya'yanta ɗaci gare su, sai an dafa an zubar da ruwan an sake dafawa. Wata rana da hantsi Baffa, ƙanin mahaifina, ya zo ɗauke tukunyar tana bisa murhu, wai 'ya'yansa suka tsinko. Na tare shi. Ya hamɓare ni, tafasasshen ruwan ya kwararo mini daga kafaɗar dama har wuyan hannu. Da Inna ta janye rigata, fatar ta biyo ta.

A amalanken jaki aka kai ni gidan likita a Gidan Rumji. Majo, mai duba marasa lafiya, ya wanke ƙunar, ya shafa wani farin mai mai hana ta ruɓewa, ya ba Baba sauran.

Da farko sanyi na ji. Daga baya ƙaiƙayi ya taso a gefen ƙunar, inda fata take lafiya. Ƙuraje suka feso suna ruwa, fuskata ta kumbura. Na ce a daina shafawa.

To a wurinmu, maganin da bai gasa mutum ba ba a yarda yana aiki.

"Ciwon ne ke fita," in ji Baba. "Ku danne mini shi."

Baffan nan da ya ƙona ni shi ya hau ƙirjina da gwiwa. "Ƙato da kai kana ihu kamar akuya!" Na cije shi a hannu har jini, ya kwaɗa mini mari, suka ɗaure ni da igiyar guga, Baba ya ƙara lafta man. Kullum haka, har hannun ya zama kamar taɓarya.

Ranar kasuwa, da maza suka fita, Inna ta yanke igiyar da wuƙa.

"Tashi, ɗan nan, kafin su kashe ka."

Ta mayar da ni gidan likita. Majo na ganin hannun ya hau wankewa. "Inna, jikinsa ba ya karɓar wannan man. Kada a sake shafa masa shi har abada. Da kun ƙara jinkiri, sai yankewa."

Ba a yanke ba. Amma gwiwar hannun ba ta sake miƙewa ba, da hagu nake riƙe hauya har yau.