Bugun Ƙarshe na Kofin Legas

Ana cewa na iya ƙarya. Ban musa ba, amma gado na yi wajen kakata, Dada. A shekarun da dokar hana fita take kora mu gida tun kafin magariba, ita ce talabijin ɗinmu a unguwar Federal Low-Cost. Takan hura kurfoti a tsakar gida ta aza gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ce mai satar gyaɗar tun tana kan wuta, har yau yatsuna ba su yafe mini ba.

Tatsuniyar da muka fi so ba ta dabbobi ba ce, ta autanta ce, Kawu Sale. Ɗan wasan tanis ne. Da tsintar wa manya ƙwallo ya fara, har ya kai ana biyansa ya buga a Legas da Akra. Wasan bibbiyu yake yi, shi da Chidi, ɗan wani mai sayar da kayan gyaran mota a unguwar Bolari. Chidi a baya, Kawu a bakin raga.

Dada ba ta taɓa taka filin tanis ba, amma wannan bai dame ta ba.

"Ga ta nan ta iso, ku ba ta wuri. Ranar kofin Legas, Sale ya daka tsalle ya sa wa ƙwallo kai, sai cikin raga! Gari ya ɗauka, gol!"

Sai ga Kawu daga ɗaki da lomar tuwo a hannu. "Haba Dada! In ta shiga raga ai ni na faɗi. Kuma wa yake sa kai a tanis?"

"Ni na haife ka ko kai ka haife ni? Zauna ka gyara."

Ya zauna ya ba mu na gaskiya.

Ranar da bam ya tashi a tasha, Chidi ya riga shi zuwa don ya kama musu kujera a motar Kaduna, za su je gasa. Kawu ya makara, yana gida yana ɗaure igiyoyin raket, abin buga ƙwallon. Iyayen Chidi suka tafi da gawarsa garinsu, ba su dawo ba. Kawu ya shiga ɗaki ya ja ƙofa, ko abinci sai an ajiye masa a bakin ƙofa.

Dada ta juya tabarmarta ta fuskanci ɗakinsa, ta ƙara murya. Ƙarya ta yi ta girma. Yau da ludayi ya buga, gobe ƙwallonsa ta kakkaɓo shaho daga sama. Ni ma na taya, na rantse cewa da haƙori ya tare wata ƙwallo. Muna birgima don dariya, ita kuwa idonta yana kan ƙofar nan. Ƙofar ba ta buɗe ba har damina ta wuce.

Wata yamma ta ce, "Bugun ƙarshe kuwa, wanda ya kawo kofin, Sale ne ya yi shi, shi kaɗai."

Ƙofa ta buɗe. Ya rame, gemu ya cinye masa fuska.

"Ba ni ba ne, Dada. Chidi ne. Ni sunkuyawa kawai na yi, ta wuce ta kaina."

"To zo ka gyara, auta. Gobe kuma ka ɗauki abin wasanka ka koma fili."

Ya durƙusa kusa da ita. "Na je sau ɗaya a ɓoye, Dada. Wanda ke bakin raga ba ya waiwaye, kunne yake kasawa ya ji bugun na bayansa. Na tsaya a wurina, na kasa kunne. Ban ji komai ba."

Dada ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta sake ba da labarin ba har ta rasu, shi ma bai sake riƙe raket ba.

Na daɗe ina ganin ƙaryarta ta tashi a banza, tunda fili take so ya koma. Yanzu ina ganin ta karɓi abin da ta samu, domin a ranar ya zauna cikinmu ya ci tuwo. Keken haya yake ja yanzu a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Idan na zauna a bayansa ina zuba, ba ya juyowa ko sau ɗaya, amma da na yi shiru sai ya rage gudu ya ce, "Ci gaba mana, ina jin ki."